Tizhe Mai Faci da Musun Cikakken Direba

A bakin tashar Mubi, ta gefen da motocin Yola suke lodi, akwai wata darbejiya da 'yan tasha ba su da wani suna da suke kiranta da shi sai inuwar Tizhe. A gindinta ya kafa famfonsa da rabin duron ruwa na gwada tub da tulin tsofaffin tayoyi, tun Gongola tana sabuwar jiha, a nan kuma furfura ta same shi. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa baƙi ƙirin da gam da dattin taya. In dariya ta kama shi sai ya rufe baki da bayan hannu, kamar wanda ya yi laifi.

Mutumin dutsen Michika ne, ɗan fari a ɗakin uwarsa, shi ya sa aka sa masa Tizhe, sunan da mutanensu suke ba ɗan fari namiji. Tun yana ƙarami, in ya hango walƙiyar gilashin mota can ƙasa a kan hanya, sai ya saki fartanya ya bi ta da ido har ta ɓace. Yana saurayi maciji ya sare shi a gonar dawa. An sha wahala kafin ya tashi, da ya tashi kuma ƙafar hagu ta ƙi lanƙwasuwa daga gwiwa. Noman kan dutse ba ya yi da mai jan ƙafa, saboda haka ya ɗaure ƙunshinsa ya sauko Mubi da buri guda: ya zama yaron mota, wata rana ya zama direba.

Direban farko da ya tunkara ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan'uwa, da wace ƙafar za ka taka kuloci?" Ba da mugunta ya faɗa ba, gaskiya ce kawai. Tizhe ya zaga bayan tasha ya zubar da hawayensa inda ba mai gani, ya dawo ya nemi sana'ar da ba za ta raba shi da mota ba. Wani tsohon mai faci ya karɓe shi ya koya masa aiki, da ƙarfinsa ya ƙare ya koma garinsu, ya bar masa famfo da inuwa.

Ya auri Miriyamu, 'yar Gude daga Lamorde, mai sayar da kunun gyaɗa a ƙofar tasha. A majami'a suka fara ganin juna, ita tana cikin mawaƙa, shi yana bencin baya inda zai sami wurin miƙe ƙafa. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata, don haka da Hausa suka yi zance, da ita suke faɗa, da ita kuma suke shiryawa. Cikin 'ya'yan da suka haifa guda ce ta rayu, Liyatu.

Musun da ya sa aka san Tizhe fiye da facinsa, majigi ne ya kawo shi. Wata shekara bayan an gama cirar gyaɗa, wani kamfanin tayoyi ya turo motar majigi, aka kafa farin zane a filin firamare bayan magariba. Tasha ta kwashe kaf ta tafi kallo. Aka fara da tseren ƙasar Turai, wasu motoci manne da ƙasa kamar ƙadangaru, mazaunin mutum ɗaya, suna zagaya wani titi sumul, kukansu kamar zuma ta tashi. Wani mai jar mota ya riƙa ratsa sauran a kwana kamar allura cikin zane. Sai aka sa na biyu, tseren wata ƙasa can gabashin Afirka, sai ga Fijo irin ta tasha sak, an rubuce mata jiki da lambobi, tana iyo cikin laka, tana ƙetare mayo, wato kogi. Direbanta, wani mai gashin baki, ya sauko da kansa cikin ruwan sama ya canza taya. Ba wanda ya riƙe sunan ko ɗayansu. Mai Jar Mota da Mai Gashin Baki, haka suka shiga bakin 'yan tashar Mubi.

Washegari inuwar Tizhe ta cika tun kunun Miriyamu bai huce ba. Akwai Bobboi, Bafulatani daga Digil, dogo siriri, wanda ya bar sandar kiwo ya kama sitiyari, yana bin Yola da wata farar Fijo. Akwai Kalibu, mutumin Duvu, ƙato mai murya kamar hon ɗin motarsa, yana jan babbar mota mai bodin katako, yana kwaso wake da gyaɗa daga ƙauyukan kan iyaka ya kai Maiduguri ko Kano. Akwai kuma Abdulƙadiri ɗan kamasho, wanda ba abin da yake so a duniya kamar ya hura wuta ya koma gefe yana jin ɗumi.

Kalibu ya ce, "Wancan mai jar motar ba direba ba ne, ɗan gata ne. Titi kamar tafin hannu, ba rami, ba akuya, ba ɗan sanda. Da ya tsaya mutane sun yi masa caa, wannan da taya, wancan da mai. Ku kawo shi gangaren Sahuda da damina mu gani."

Bobboi bai cika magana ba. Ya kurɓi kunu ya ce, "Kalibu, laka ba ta kashe mutum, haƙurinsa kawai take ci. Amma ka shiga kwana da irin wancan gudun, hannunka bai yi rawa ba, wannan zuciya ce. Mai Gashin Baki ya iya wahala. Wahala kuwa jaki ma ya iya."

Aka kwashe da dariya, Kalibu ma ya yi. Sai aka juyo ga Tizhe, wanda yake durƙushe yana danna tub cikin ruwa yana neman inda iska take fita. Bai ɗago ba ya ce, "Ni duk biyun ban ga cikakke ba. Wanne ne a cikinsu ya ɗauki fasinja? A ba shi tsohuwa da kajinta, da soja mai sauri, da mai jego, ya kai su Yola ba wanda ya zage shi, shi ma bai zagi kowa ba. Mota ta mutu masa a dajin Song ya tashe ta da hannunsa. Ya iya gudu, ya iya laka, ya san ranar da ba a gudu. Sannan a zo mu yi magana."

Abdulƙadiri ya ga ƙofa ta buɗe. Ya ce, "To mu bar Turawa su huta. A nan tashar, Malam Tizhe, wa ka gani cikakke?"

Kowa ya ɗauka Kalibu zai ce. Majami'arsu ɗaya, matansu suna zumunta tare, Kalibu ne ma ya kwaso masa kwanon rufin ɗakinsa kyauta. Tizhe ya share hannu a wando ya ce, "Bobboi."

Kalibu ya miƙe tsaye. "Ni fa? Shekara nawa ina sauko da lodi daga dutse ban taɓa kwantar da mota ba?"

"Ba ka taɓa ba, Yaya Kalibu, a dutse ba ka da na biyu. Amma kana tuƙi da fushi. In wani ya wuce ka sai ka huce a kan birki, ni nake ganin abin da ya rage a tayarka. Tayar Bobboi kuwa tare suke tsufa su huɗun, kamar 'yan ɗaki ɗaya."

Daga ranar musun bai sake mutuwa ba. In kasuwa ta yi sanyi sai wani ya tsokano shi, in baƙon direba ya sauka daga Gombe ko Garwa sai a ba shi labarin majigi a nemi ra'ayinsa. Wasu suka koma bayan Kalibu, wasu suka kawo nasu gwanin, akwai ma wanda ya dage sai direban motar asibiti. Tizhe bai taɓa canza baki ba. Kalibu kan yi kwana biyu yana gaishe shi sama-sama, a na uku ya jibge masa taya ya ce, "Ga ta nan, alƙali, ka duba ko fushin ya ragu."

Bobboi bai taɓa ce masa ya gode ba. Abin da yake yi shi ne, duk ranar da aka sa masa sabuwar taya, sai ya buɗe ƙofar gaba ya ce, "Soobajo, shigo mu ji ta." Soobajo kuwa aboki ke nan a bakinsu. Tizhe ya tura kujera baya ya miƙe ƙafarsa, su kama hanyar Mararraba ba fasinja. In sun bar gari Bobboi ya sake mata linzami, duwatsu su riƙa ja da baya, iska tana dukan fuskar Tizhe har hawaye ya fito masa. Wani lokaci Bobboi ya ce, "Ɗora hannunka nan," Tizhe ya ɗora tafinsa a gefen sitiyari, ya ji yadda kwalta take magana ta cikinsa. Su juyo, ya sauke shi a inuwarsa, kowa ya kama harkarsa. Miriyamu ta ce ko ba a faɗa mata ba tana gane ranar, don a ranar yana cin tuwo yana murmushi shi kaɗai.

Da Liyatu ta sami kwalejin horon malamai a Yola, ba a ma yi shawara ba. Duk komawar makaranta Tizhe yakan ɗauko akwatinta da kansa ya sa a but ɗin farar Fijo, ya zaunar da ita bayan direba. Bobboi ba ya sauke ta a tasha kamar sauran fasinja, sai ya kai ta ƙofar makaranta, ya tsaya har ya ga shigarta. Tana ce masa Bappa, yana ce mata Malama tun ba ta zama ba.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. Sabuwar taya ta zama abin kallo, direbobi suka koma faci a kan faci, Tizhe ba ya samun miƙe baya sai rana ta faɗi. A cikin wannan hidimar ne Bobboi ya kawo masa rim, ƙarfen da taya take zama a kai, duk ya lanƙwashe. Tizhe ya buga shi ya miƙe, bai kawo komai a ransa ba, hanya ta lalace wa kowa. Ba a jima ba ya sake kawo wani, da taya da ta tsage a gefe. Duk na hannun dama. Tizhe ya fara lura. Ya ga Bobboi ya miƙa hannu zai karɓi kofin kunu ya kama iska. Ya ga in an yi masa magana ta dama sai ya juyo da kansa gaba ɗaya. Ya ga mutumin da bai taɓa tsoron hanya ba yanzu yana barin Yola da fasinja bai cika ba, don kada magariba ta riske shi.

Bai faɗa wa kowa ba. Da Abdulƙadiri ya ce, "Kai, gwaninka ya fara cin rim," sai Tizhe ya ce, "Je ka ga abin da ruwa ya yi wa hanyar Hong, sannan ka zo ka yi magana." Ya riƙa gyaran Bobboi da wuri, kafin inuwar ta cika. A gida kaɗai ya kasa ɓoyewa. Miriyamu tana ɓare gyaɗa ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Baban Liyatu, rufin asiri daban, rufe rami da tabarma daban. Ba shi kaɗai yake cikin motar ba."

"Mutum ya yi shekaru yana tuƙi, ni da ban taɓa sa giya ba zan ce masa ya sauka?"

"In ba kai ba, wa zai faɗa masa ya ji?"

Ya yi niyya ya fasa, ya sake yi ya sake fasawa, har hutun makaranta ya ƙare. Ranar komawar Liyatu ya ɗauko akwatinta ya nufi farar Fijo, yana jan ƙafa kamar kullum. Ya iso har jikin but, ya tsaya. Ya dubi 'yarsa tana gyara ɗankwali, ya dubi rim ɗin dama da shi da kansa ya buga makon jiya. Sai ya wuce ya sa akwatin a motar da take bi mata a layi. Liyatu ta ce, "Baba, ba motar Bappa ba?" Ya ce, "Shiga nan." Duk tasha ta gani, Bobboi ma ya gani, don ta gefen hagunsa abin ya faru.

Bai zo ba sai da ya je Yola ya dawo. Ya sami Tizhe shi kaɗai yana tattara kaya. Bai zauna ba.

"Me na yi maka?"

"Ba ka yi min komai ba. Zauna, Malam Bobboi."

"Na taɓa ɓata wa Malama? Na taɓa sauke ta inda bai dace ba?"

Tizhe ya ajiye guduma. Muryarsa ta yi ƙasa. "Idonka na dama. Tun yaushe?"

Bobboi ya kau da kai. Sannan ya ce, "Kai likita ne, ko mai faci?"

"Mai faci ne. Shi ya sa ban iya gyara wannan ba. Akwai asibitin ido a Kano, mu je."

"Ka kunyata ni a gaban yara, yanzu kana ce min mu je." Ya juya ya tafi. Daga ranar ya koma kai tayarsa wajen wani mai faci a hanyar kasuwar shanu, in ya zo wucewa ta inuwar sai ya kau da kai. Miriyamu ta ci gaba da zuba kofinsa tana ajiyewa, in ya huce ta juye wa wani. Masu tsokanar musu suka daina, don sun ga in an ambaci Bobboi sai Tizhe ya duƙufa kan aiki, ya ƙi ɗagowa. Damina ta shigo ta yi nisa a haka.

Wata Lahadi bayan an taso daga majami'a, Tizhe yana zaune a tsakar gidansa a Lamorde, ya ji sallama. Bobboi ne, a ƙafa. Miriyamu ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa, ta shige ɗaki. Ya sha, ya daɗe yana juya kofin.

"Jiya, gaba da Gombi kaɗan," in ji shi. "Wata mata da itace a ka, a bakin hanya. Ban gan ta ba, Soobajo. Sai da madubi ya ɗebe itacen na ji ƙara. Ta faɗi zaune, ba ta ji ciwo ba. Da goyo a bayanta." Ya ajiye kofin. "Na sauko ina ba ta haƙuri, ita kuma tana ba ni haƙuri, wai ita ce ta matso hanya. Ba ta matso ba."

Tizhe bai ce na faɗa maka ba. Ya matso ya dafa gwiwarsa. Bobboi ya zaro makullin mota daga aljihu ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu, ya ce, "Riƙe min. In yana hannuna gobe zan sake tashinta."

A daren Tizhe bai nemi kowa ba, amma da sassafe ya je inda Kalibu yake ɗaure tamfol, ya gaya masa komai. Kalibu ya saki igiya. "Kuma ka bar shi yana yawo da ido ɗaya duk daminar nan? Kai da shi ban san wanda ya fi taurin kai ba." Ya yi ta faɗa har ya gaji, sannan ya ce jibi yana da lodin wake zuwa Kano, gaban motarsa kuwa yana cin mutum uku.

Haka suka tafi, Kalibu a sitiyari, Bobboi a tsakiya, Tizhe a bakin ƙofa inda ƙafarsa za ta sami wuri. Shi ne karon farko da Tizhe ya wuce Maiduguri a rayuwarsa. Bobboi bai taɓa zama fasinja ba tun da ya fara tuƙi, saboda haka tun daga Uba ya fara taka birkin da babu shi. "Sassauta, akwai kwalbati." "Na gani." "Ka makara da giya." "Malam, motata ce ko taka?" Tizhe yana rufe baki da bayan hannu. Amma ya lura duk hanyar nan, manyan motoci sun wuce su, ƙanana sun yi musu hon, Kalibu bai bi ko ɗaya ba. Inda aka tsaya salla Kalibu ne yake ɗebo wa Bobboi ruwan alwala, ya riƙe masa gwiwar hannu wajen saukowa, yana yi yana mita don kada a ce tausayi ne.

A asibitin aka duba Bobboi aka ce na daman ya riga ya tafi, ba abin da za a yi masa. Na hagun ma ciwon ya fara taɓa shi, amma an zo a kan lokaci, za a yi masa aiki ya riƙa ɗiga magani. Tizhe ya zauna jinya, yana kwana a baranda, yana dama masa fura da cokali don hannunsa ba ya fita tas ko ya wanke. Kalibu ya sauke wakensa, ya ƙi lodin da ya samu na dawowa, ya jira har aka sallame su.

A hanyar gida Bobboi yana barci da bandeji a fuska, kansa a kafaɗar Tizhe. Kalibu ya rage murya iyakar yadda zai iya, ya ce, "To, alƙali. Yanzu fa?"

"Yanzu me?"

"Cikakken direba."

Tizhe ya dubi hanya ya ce, "Ka ƙaru ƙwarai, Yaya Kalibu. Amma Bobboi ne."

"Yana kwance ido a ɗaure ma ya fi ni?"

"Ba wanda ya ƙwace masa makulli. Da hannunsa ya kawo."

Kalibu ya yi tsaki, ya sa giya. Can ya ce, "Ni dai har yanzu Mai Gashin Baki ya fi wancan ɗan gatan." Daga ƙarƙashin bandeji Bobboi ya ce, "Ƙarya kake yi," suka gane ashe idonsa biyu.

Bobboi bai sake tuƙi ba. Ya ba ɗan ƙaninsa Fijon yana bin Yola da ita, shi ya koma Digil wajen 'yan shanunsa, da wani tabarau mai kauri da ya sa shi kama da malamin makaranta. Ranar kasuwa yakan tako da ƙafa ya shigo gari, da ƙwaryar kindirmo da matarsa Fanna ta aiko wa Miriyamu, ya zauna a kan tsohuwar taya a inuwar Tizhe har la'asar. Samarin direbobi sukan zo su tayar masa da inji ya saurara, ya faɗa musu abin da yake damunta. Wanda ya cika gudu kuwa sai ya kira shi gefe su yi magana su biyu, ba mai jin abin da ya ce masa.

A shekarar da aka raba Gongola, Liyatu, wadda ta zama malama a wata firamare a Mubi, ta auri wani malami abokin aikinta mai suna Mark, mutumin Bazza. Aka ɗaura aure a majami'ar Lamorde, za a kai amarya garin miji. Bobboi ya ce ba motar da za ta ɗauki Malama sai farar Fijo, ba kuma yaron da zai ja ta. Ya aika aka kira Kalibu. Kalibu ya ce shi bai saba da ƙaramar mota ba, ji yake kamar ya zauna a kwando, amma ya zo da sabuwar hula. Bobboi ya zauna a gaba. A baya aka sa amarya tsakanin uwarta da ubanta, Tizhe cikin babbar rigar da bai taɓa sa irinta ba, ƙafarsa a miƙe ta tsakanin kujeru, motar ango da ta mawaƙa suna biye.

Sun wuce Uba kaɗan sai tayar baya ta yi ƙara ta sace. Kalibu ya riƙe sitiyari, bai taɓa birki ba, ya bar ta ta rage gudu da kanta har ya sauka gefe. Bobboi ya ce, "Ka kyauta," sannan ya tuna da wanda yake magana, ya ƙara da cewa, "Amma da ka kauce wa dutsen can da ba ta fashe ba." Kalibu ya ce ba wani dutse, tayar ce ta tsufa, a tambayi mai facinta.

Samarin motar ango suka rugo za su kama aiki, Tizhe ya ce su ja baya. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Miriyamu, ta ce, "Yau ma, Baban Liyatu?" Ya ce, "Motar 'yata ce." Kalibu ya sa jak, Bobboi ya cire hularsa ya tara, Tizhe yana kwance notuna yana jefa masa a ciki ɗaya bayan ɗaya. Mawaƙa suka sauko suka tsaya a inuwar tsamiya, da suka ga abin zai ɗan ɗauki lokaci sai suka tayar da waƙa. Liyatu ta leƙo ta taga da farin mayafinta tana kallon tsofaffin nan uku durƙushe a bakin hanya suna gardama a kan dutsen da ba wanda ya gani, ta yi dariya har uwarta ta ce ta bari kada kwallinta ya zube.

Da Tizhe ya ɗaure notin ƙarshe ya bubbuga tayar da tafin hannu, Miriyamu ta zuba masa ruwa ya wanke iyakar abin da zai fita, ya mai da rigarsa. Suka isa Bazza rana ta karkata, dangin ango suna bakin hanya da kiɗa, sun daɗe suna jira.